Daren Farko a Bayan Kanta

(Kiɗan buɗe shiri, sannan ya lafa a hankali)

MAI GABATARWA:  Shirinmu na musamman a yau zai bi hanyar da ta taso daga birnin Katsina, ta ratsa Kurfi, ta gangara Dutsin-Ma, ta miƙe 'Yantumaki zuwa Ƙanƙara. Zangonmu uku ne, kuma duk wurare ne da ba wanda ke son a ce an ga ƙeyarsa a ciki: caji ofis, kotu, da gidan yari. Za mu duba yadda ma'aikacin da aka damƙa wa ran wani da mutuncinsa yake yanke shawara, musamman a sa'ar da babu mai ganinsa sai Allah.

Da zarar an ambaci ɗa'ar ɗan sanda ko alƙali, abin da ke fara zuwa bakin mutane shi ne cin hanci. Akwai shi, ba musu. An rubuta a bangon caji ofis cewa beli kyauta ne, amma kowa ya san wanda ya sayar da akuya kafin ya fito da ɗansa. Sai dai cin hanci ba ya buƙatar dogon nazari. Mai karɓa ya san haramun yake ci, shi ya sa yake dunƙule hannu yana waige. Jarrabawar da ta fi wuya a wannan yanki namu ita ce wadda mutanen kirki ke kawowa da kansu, da hawaye a idonsu.

Bari mu ƙaddara. A ce daren jiya 'yan bindiga sun fito daga dajin Rugu, sun afka wa wani ƙauye a yammacin Kurfi, sun kore shanu, sun tasa ƙeyar mata. Da hantsi sai ga 'yan sa-kai da wani saurayi a ɗaure, jini a goshinsa. Suka ce infoma ne. Hujjarsu? An gan shi shekaranjiya da jarkar fetur da burodi mai yawa, ya nufi yamma. DPO ba ya nan, wani sufeto ne a kanta. A waje jama'a sun cika, cikinsu har da dattijon da aka tafi da 'yarsa. Ya matso ya ce, "Yallaɓai, in ka kai shi kotu, jibi za mu gan shi a kasuwa yana yi mana dariya. Ka ba mu shi kawai."

Wannan dattijo bai zo da ko sisi ba, kuma ba azzalumi ba ne. Shi aka zalunta. In sufeto ya kau da kai na minti goma, garin nan zai riƙa yabonsa har ya yi ritaya. In ya tura yaron bayan kanta ya datse ƙofa, ya tsaya a bakinta, kafin magariba za a ce da shi ake ci.

Abin da doka ta ce a fili yake. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ɗauki duk wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai kotu ta tabbatar. Sashe na 35 ya ce a gurfanar da shi cikin awa 24 matuƙar akwai kotun da ke da hurumi a tazarar kilomita 40, in babu, awa 48. Amma takarda ba ta jin ihun jama'a, sufeto ne ke ji. To me zai riƙe a zuciyarsa, ban da tsoron kora daga aiki?

Na farko, bai sani ba. Wataƙila yaron infoma ne da gaske, irin waɗanda suka sayar da maƙwabtansu don 'yan dubbai. Wataƙila kuma ɗan acaba ne mai sayar da fetur a kwalba. Mun sha ji a ƙauyukanmu yadda tsohuwar gaba kan iyakar gona, ko takarar neman aure, ko bashin da ya ƙi biyuwa, ke rikiɗa ta zama "ai wane infoma ne". Wanda aka ɗaure bisa kuskure ana iya sakinsa a ba shi haƙuri. Wanda aka kashe fa? Na biyu, tarihin rikicin nan ya riga ya nuna inda wannan hanya ke ɓullewa. Kisan da aka riƙa yi wa Fulani a kasuwanni da kan hanya ba tare da shari'a ba yana cikin abin da ya rura wutar ramuwar gayya, har ta kai a 2019 gwamnonin Arewa maso Yamma suka haramta ayyukan 'yan sa-kai. Duk wanda aka kashe ba bisa ƙa'ida ba yana da ƙanne, kuma daji na jiransu hannu bibbiyu.

Wannan nauyi yanzu ya hau kan wasu sababbin kafaɗu. A watan Oktoban 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma, matasa kusan 1,500 a zubin farko, waɗanda aka ɗebo daga garuruwan da matsalar ta addaba. Ƙarfinsu shi ne sun san kowace burtali, sun san ɗan kowa. Haɗarin ma nan yake. Ɗan sandan da aka turo daga Binuwai ba shi da tsohuwar jiƙaƙƙa da kowa a Dutsin-Ma. Amma ɗan gari ya san wanda ya taɓa zagin mahaifinsa, ga shi yau da bindiga a hannu. In ya kama mutum ya miƙa shi ga 'yan sanda lafiya lau, alhali zuciyarsa na raya masa wani abu daban, ya yi jarumtar da ta fi ta fagen daga, ko da ba wanda zai yi masa kirari a kai.

(Kiɗa kaɗan)

To an kulle yaro, jama'a sun watse. Dare ya yi, sai jarrabawa ta biyu ta taso, ita kuma a cikin gida. Wani abokin aiki zai ce, "Oga, ka bar ni da shi awa ɗaya, zai yi waƙa." Lallai zai yi. Mutumin da aka rataye a sama zai amsa cewa shi ya sace hasumiyar Gobarau in aka tambaye shi. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 25 ga jami'in da ya yi haka, kuma ta toshe tsohon uzurin nan na "umarni aka ba ni daga sama". Dokar shaida ta 2011 ta hana kotu karɓar iƙirarin da aka tatsa da azaba. Ku lura da abin da wannan ke haifarwa. In yaron mai laifi ne da gaske, jami'in da ya dake shi ya riga ya miƙa wa lauyansa mabuɗin fita, domin bai tara wata hujja ba sai wannan takarda guda. Kotu ta yi watsi da ita, a sake shi, sai gari ya ɗauka cewa alƙali ya ci kuɗi.

A nan bari in ɗan karkato gare mu, mu masu saurare. Wa ke kai ƙarar bashi caji ofis don a tsorata abokin ciniki? Wa ke cewa in ba a sami yaron ba a kamo uwarsa, ai zai fito? Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana duka biyun: ba a kama mutum a madadin wani, ba a kuma kama shi kan bashi ko saɓa yarjejeniyar kasuwanci. Amma mu ne ke zuwa da kuɗin mai, mu ne ke kiran ɗan majalisa ya kira DPO. Gobe in aka yi wa ɗan'uwanmu, mu ce ƙasa ta lalace.

Matsin lamba daga sama kuwa ba baƙo ba ne a ƙasar Katsina. A zamanin En'e, 'yan doka da dogarai da alƙalai da gidan yari duk suna ƙarƙashin sarauta ne. Marigayi Usman Nagogo kansa ya shugabanci 'yan dokan Katsina kafin ya hau gadon sarauta a 1944. Dattawan da suka ga siyasar shekarun 1950 suna tuna yadda 'yan NEPU suka riƙa kukan cewa ana amfani da kotun alƙali a ɗaure su, kuma wannan na cikin dalilan da gwamnatin soja ta karɓe kotuna da gidajen yari da 'yan doka daga hannun En'e a ƙarshen shekarun 1960.  An sauya kaki, an sauya mai biyan albashi, amma har yau akwai mai aiko saƙo cewa a duba masa lamarin wane.

(Kiɗa kaɗan)

Zangonmu na biyu kotu. A 2019 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a gyaran doka da ya tanadi hukuncin kisa ga satar mutane da satar shanu. Irin waɗannan manyan laifuka sun fi ƙarfin majistare. Abin da zai yi shi ne ya ba da ajiyar wanda ake tuhuma a gidan yari, a tura fayil ma'aikatar shari'a a Katsina don lauyoyin gwamnati su ce akwai tuhuma ko babu. A nan ake wani zalunci marar ƙara, wanda ba mari ba zagi. Fayil ya kwana a durowa saboda ba kuɗin kwafi, ko an yi wa mai bincike canjin wurin aiki, ko lauya ya ce sai wani mako. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, wadda jihohi suka bi sahunta har da Katsina, ta ƙayyade ajiyar farko da kwana 14, ta kuma ɗora wa majistare ya riƙa leƙa caji ofis duk wata ya ga su wa ke tsare. Duk da haka, kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin Nijeriya zaman jiran shari'a suke yi. Ma'aikacin da ya danne fayil zai kwana da sakakkiyar zuciya, don a ganinsa bai yi komai ba. To rashin yin komai ɗin ne ya cinye wa wani damina uku, matarsa ta kai ƙara a raba aure, gonarsa ta koma hannun mai binsa bashi. A zangonmu na uku, gidan yari, gandiroba ne ke ganin wannan kullum, kuma shi ya san fursunan da aka manta da shi. Ya rubuta sunansa cikin waɗanda za a gabatar wa Babban Jojin jiha ranar da ya zo rage cunkoso, ko ya sa sunan wanda danginsa suka zo da gaisuwa? Alƙalami ɗaya ne, minti ɗaya ne.

Jihar nan ta taɓa ganin alƙalai a tsakiyar wuta biyu. A watan Maris na 2002 kotun shari'a ta Bakori ta yanke wa wata mata mai suna Amina Lawal hukuncin jefewa, babbar kotun shari'a ta Funtuwa ta tabbatar a watan Agusta. Ƙasashen waje suka yi ca, a gida kuma wasu na ganin duk wanda ya sassauta ya sayar da addini. Ranar 25 ga Satumban 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina, ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai Aminu Ibrahim, ta rushe hukuncin da rinjayen huɗu da ɗaya. Abin lura shi ne daga ina suka ɗebo hujja. Daga cikin fiƙihun Malikiyya da dokar jihar suka ɗebo: alƙali ɗaya ya zauna maimakon uku, ba a mutunta 'yancinta na janye iƙirari ba, ga kuma mas'alar kwantaccen ciki. Ƙa'idar da malamanmu ke karantarwa a zaure ce suka bi, cewa shubuha tana tunkuɗe haddi. Ƙa'idar nan ita ce sufeton Kurfi yake buƙata a bakin ƙofar bayan kanta, ko da bai taɓa buɗe Risala ba.

(Kiɗa kaɗan)

Saura magana ɗaya mai ɗaci, wato sulhu. A 2019 gwamnatin Masari ta zauna da 'yan bindiga, aka saki wasu mutanensu da ke tsare, su ma suka sako waɗanda suka kama. Shekara ba ta zagayo ba gwamnan ya fito ya ce sun ci amana. Tun daga nan, duk sanda maganar sulhu ta taso, buƙatar a saki na tsare tana biye da ita. Uwar da ɗanta ke daji za ta ce a saki ko su waye, kuma ba mai bakin ce mata ta yi kuskure. Kofur ɗin da ya rasa abokin aikinsa wajen kamo su zai tambaya, to don me na sai da raina? Mai shaidar da ya tsaya a kotu ya nuna su da yatsa kuwa, daren nan ba zai yi barci a gidansa ba.

Sashe na 211 na tsarin mulki ya ba Antoni Janar na jiha ikon janye kowace ƙarar laifi kafin a yanke hukunci, da sharaɗin ya duba maslahar jama'a da adalci. Ke nan ƙofar a buɗe take, kuma akwai lokacin da ceton rai ɗari zai wajabta bi ta cikinta. Abin da nake ja a kai shi ne a yi ta a ɓoye, a kira majistare a waya a ce ya ba da belin da doka ba ta ba shi ikon bayarwa ba, a mai da shi ɗan aike. In za a saki mutum, mai ikon ya sa hannu da sunansa, ya faɗi dalili, a rarrabe wanda ya shekara biyu a tsare ba hujja da wanda aka kama da bindiga a hannu. Kafin motar gidan yari ta tashi kuma, a aika Kurfi da Dutsin-Ma a sanar da waɗanda suka ba da shaida, a tanadar musu inda za su fake.

A nan za mu dakata.  

(Kiɗan rufe shiri)