Jirgin Ƙasa na Birnin Alƙahira: Yadda Tsohon Layi Ya Zama Sabo

In aka ambaci Masar, tunaninmu yakan tafi ga Yusufu da Maryamu da jariri Yesu, da suka gudu can saboda Hirudus, kamar yadda muke karantawa a Matiyu sura 2. A wannan mako muna so mu duba Masar ta yau, mu ga yadda mutanen Alƙahira suka mai da tsohon jirgin ƙasarsu na bayan gari ya zama jirgin cikin birni, wanda ake kira metro.

Da can akwai layin dogo biyu da ba su haɗu ba. Ɗaya yakan taso daga Helwan, garin masana'antar ƙarfe a kudu, ya tsaya a Babul Luƙ. Ɗayan kuwa yakan fito daga Marj a arewa maso gabas, ya tsaya kusa da Dandalin Ramsis. Tsakiyar birni ta raba su. Ma'aikacin da zai tsallaka dole ya sauka, ya yi kokawar shiga bas, sa'an nan ya nemi jirgi na biyu.

Hukuma ba ta watsar da tsofaffin layukan ba. Da taimakon injiniyoyin Faransa aka haƙa rami wajen kilomita huɗu da rabi a ƙarƙashin tsakiyar birnin, mai tashoshi 5, aka ɗinke layukan biyu. An buɗe sashen Helwan zuwa Ramsis a 1987, aka kai Marj a 1989. Wannan shi ne metro na farko a nahiyar Afirka. Yau tsawon layin ya kai kilomita 44, da tashoshi 35, kuma galibinsa a bisa ƙasa yake, kan hanyar da kakanninsu suka bi. A ganinmu nan hikimar take: ɗan guntu aka haƙa, amma dukan layin ya sake hali.

To, mene ne bambancin? Jirgin bayan gari yana da sa'arsa, in ka makara sai ka zauna jira. Metro kuwa da wutar lantarki yake tafiya, kuma bayan 'yan mintoci wani na biye. An kuma keɓe tarago na mata a tsakiyar kowane jirgi, abin da muka tabbata matan zumunta za su yaba.

Amma fa ba a samun wannan kyauta. Jirgin da ke wucewa a kai a kai ba ya iya raba hanya da amalanke ko mai tafiya a ƙasa, don haka aka katange layin, aka ɗora gadoji. Unguwar da dā mutum ke tsallaka dogo ya gaisa da maƙwabci, yanzu katanga ta raba ta. Matashi ba zai damu ba. Tsohuwa mai ciwon gwiwa da majami'arta ko kasuwarta ke wancan gefe, ita ce ke ƙirga matakala. Mu da ke kai wa marasa lafiya ziyara gida gida mun san yadda matakala ashirin ke hana dattijo zuwa sujada. Ga kuma batun kuɗi: tikitin da ya daɗe a fam ɗaya ya koma fam biyu a 2017, a 2018 kuma aka fara biya gwargwadon nisa. Wanda tsadar haya ta kora bayan gari, shi ne ke biya mafi yawa.

Abin sha'awa gare mu masu bi, layin nan ya bi ta wuraren da Kiristocin Masar, wato Kibɗawa, suke riƙe da al'adar cewa Iyali Mai Tsarki sun yada zango. Akwai tashar Mataraya, unguwar da ake nuna itacen Maryamu, da tashar Ma'adi, inda majami'ar Budurwa take a bakin Kogin Nilu. Wanda ya sauka a tashar Mar Girgis kuwa, da fitowarsa zai ga majami'ar Waliyyi Girgis a gabansa, kuma tafiyar 'yan mintoci ce zuwa majami'ar Abu Sarga, inda ake sauka ƙasa a ga kogon da aka ce sun fake.

Bayan wannan layi an buɗe na biyu a 1996, na uku kuma a 2012, kowannensu da nasa sabon rami.