Riƙon kare ga ma'aikacin da ke wuni a wurin aiki: abubuwan da ya kamata a sani

A gundumar Madarunfa, inda satar dabbobi da ta'asar ƴan bindiga masu ƙetarowa daga kan iyaka suka hana jama'a barci a ƴan shekarun nan, ba abin mamaki ba ne magidanci ya yi tunanin ajiye kare. Kare ba zai tare mai bindiga ba, amma haushinsa kan tada mutanen gida kafin ɓarawo ya kwance akuya ko ya tura babur waje. Matsalar ita ce da yawa daga masu wannan tunani ma'aikata ne: malamin makaranta da ke koyarwa a Gabi ko Safo, ma'aikacin lafiya a Ɗan Isa, ko wanda ke sammakon tafiya Maraɗi kullum ba ya dawowa sai magariba. Wa zai kula da karen a tsawon wunin?

Daga ina karen ya fito?

A Faransa, mai son riƙon karen da aka yasar yakan je gidajen ƙungiyar SPA, wadda aka kafa a 1845, a ba shi dabbar da likita ya riga ya duba. A nan kuwa hanyar da aka saba ita ce maƙwabci ya ba ka ɗan kwikwiyo idan karyarsa ta haihu, ko yara su tsinto shi a bayan gari ko a bakin kasuwa. Bambancin babba ne. Na maƙwabci an san uwarsa, an san halinta. Na tsintuwa ba wanda ya san abin da ya cije shi kafin a same shi.

Don haka duk karen da aka tsinto a fara keɓe shi a gefe guda, nesa da yara da kaji da awaki, sannan a nemi malamin dabbobi na ma'aikatar kiwo ya duba shi. Kwikwiyon da bai kai wata biyu ba a bar shi wurin uwarsa. Ga ma'aikaci ma, karen da ya ɗan tasa ya fi sauƙin riƙo, domin ƙarami yana buƙatar abinci sau uku ko huɗu a wuni, babba kuwa safe da yamma sun ishe shi.

Haukan kare shi ne babban haɗari

Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya. Kusan dukkan masu kamuwa daga kare suke ɗauka, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Wannan adadi ya shafi ma'aikaci kai tsaye, domin idan ya fita da safe, yara ne ke wuni da karen.

Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabba. Idan ta shiga ta wurin cizo ko yaƙushi, sai ta bi jijiyoyi a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Yawanci alamun kan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin su bayyana, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Wannan jinkiri ne ke yaudarar mutane: rauni ya warke, kowa ya manta. Amma da zarar alamun sun fito, irin su tsoron ruwa da ruɗewa, da wuya ƙwarai mutum ya tsira.

Rigakafin cutar ya daɗe, tun 1885 Louis Pasteur ya yi wa mutum na farko allurar. Ana yi wa kare tasa daga wata uku da haihuwa, a riƙa sabuntawa yadda malamin dabbobi ya tsara, a kuma adana takardar shaida. Masana sun nuna cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki allura, cutar kan daina yaɗuwa a cikinsu. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ce aka ware don tunatar da duniya wannan batu.

Idan kare ya ciji wani, a wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a garzaya asibiti a ranar, ba sai mai gida ya taso daga aiki ba. Wannan umarni ya kamata kowa a gidan ya haddace shi. Kada a yi gaggawar kashe karen da bai nuna alamar hauka ba: a tsare shi a sa masa ido aƙalla kwana 10 ƙarƙashin kulawar malamin dabbobi, domin halin da ya shiga zai taimaka wa likita.

Wunin kare a lokacin da ba ka nan

A watannin Afrilu da Mayu zafi a jahar Maraɗi kan haura digiri 40. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake sanyaya jikinsa. Karen da aka ɗaure da gajeriyar sarƙa a inda inuwa ke gushewa da hantsi zai iya mutuwa kafin la'asar. Kafin a kawo shi, a tanadi rumfa ko gindin bishiyar da inuwarta ba ta ƙaura, da kasko mai nauyi na ruwa wanda ba zai kife ba.

Ɗaurin dare da rana yana mayar da kare mafaɗaci, sakinsa ya yi yawon gari kuma yana haɗa shi da karnukan da ba a yi wa allura ba, ya jawo rigima da maƙwabta idan ya kama kaza. Mafita ita ce wuri mai shinge a cikin gida, da ɗan zagaye da shi da asuba da kuma bayan an taso. Sannan a ɗora nauyin abinci da ruwa a kan babba guda ɗaya da aka ambata da suna. Aikin da aka bar wa kowa, ba mai yin sa. Wanda ke zaune shi kaɗai a gidan haya, ko wanda ake iya yi wa canjin wurin aiki a kowane lokaci, gara ya haƙura.

Sauran tuwo kaɗai ba ya riƙe kare, yana buƙatar ɗan nama, kifi marar ƙaya ko ƙwai. Albasa mai yawa na lalata masa jini, dafaffen ƙashin kaza kuma na iya tsaga masa hanji. A sa kuɗin maganin tsutsar ciki da na kaska a lissafin albashi. Idan karya ce, a sani tana iya ɗaukar ciki sau biyu a shekara, cikin kuma wata biyu ne kacal. Wanda bai shirya wa ƴan kwikwiyo ba ya tuntuɓi likitan dabbobi tun da wuri, don kada ya mayar wa titi abin da ya ɗauko daga titi.

Me addini ya ce?

Hadisi ya yi izinin ajiye kare don farauta, kiwo da tsaron gona, kuma malamai da yawa sun haɗa gadin gida a ciki idan akwai buƙata. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ake bi a nan, kare mai rai ba najasa ba ne, ko da yake ana wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, da na matar da aka azabtar saboda ta tsare kyanwa ba ci ba sha har ta mutu.

Ke nan izinin yana tafe da amana. Kafin ma'aikaci ya ce a kawo masa kwikwiyo, ya tabbatar da abu uku: inuwa da ruwa, wanda zai tsaya a madadinsa da rana, da ranar da za a kai karen allura.