Madarar da aka rage wa ruwa, daga gwangwani zuwa wagashi

Nonon saniya da aka tatso yanzun nan, kusan kashi 87 cikin 100 nasa ruwa ne. Ruwan nan shi ke sa shi nauyin ɗauka, shi ne kuma ke sa ya lalace da wuri a ƙasar zafi. Saboda haka yawancin dabarun adana madara, na masana'anta da na ruga, manufarsu ɗaya ce, wato a rage ruwan a bar amfanin. Rubutun da ke jikin gwangwanayen kasuwar Arzeke ta Parakou, da na teburan masu shayi a unguwar Guéma kan hanyar Malanville, da na shagunan Djougou, bayani ne na yadda aka yi wannan ragi. Wanda ya shigo ta Najeriya da Ingilishi yake zuwa, wanda aka shirya don kasuwar Benin kuwa da Faransanci.

Idan gwangwani na ɗauke da kalmar "evaporated", an ɗumama madarar ne har kusan kashi 60 na ruwanta ya tashi a matsayin tururi. Daga nan sai a rufe ta a gwangwani, a dafa gwangwanin da zafin da ya haura digiri 110. Ba a sa mata sukari. Zafin nan ne kaɗai ke tsare ta, shi ne kuma ya sa launinta ya ɗan rine. Da zarar an huda gwangwanin, kariya ta ƙare: ko a sa a firij, ko a shanye a ranar.

"Condensed" kuwa ita ce mai kauri, mai danƙo. Ita ma an rage mata ruwa, amma an zuba mata sukari har ya kai kashi 40 zuwa 45 na nauyinta. Sukarin yana riƙe ragowar ruwan, ƙwayoyin cuta su rasa inda za su yaɗu. Dalili ke nan da mai shayi ke son ta, don cokali biyu sun ɗauke masa madara da sukari a tare, gwangwanin kuma ba ya lalacewa da wuri ko da an buɗe. Faransanci bai raba musu suna ba. Dukkansu "lait concentré" ne, sai a ƙarshe a rubuta "sucré" ga mai sukari, "non sucré" ga marar shi.

Wani Ba'amurke, Gail Borden, shi ya yi rajistar dabarar rage wa madara ruwa a 1856. Ya yi amfani da rufaffiyar tukunya da aka zuƙe wa iska, domin inda iska ta yi ƙaranci ruwa kan tafasa da ɗan zafi kaɗan, madara ba ta ƙonewa. Yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 ya buɗe mata kasuwa, don da ita aka riƙa ciyar da sojoji. A 1866 aka kafa kamfanin Anglo-Swiss a garin Cham na Suwizalan, wanda ya haɗe da Nestlé a 1905.

 

 

Akwai abin lura a nan. Ba kowane gwangwani mai hoton saniya ne ke ɗauke da man shanu ba. A wasu an cire man, an maye gurbinsa da man itatuwa, galibi na kwakwar manja, don ya yi araha, kuma da ƙananan haruffa ake rubuta hakan. Madara mai sukarin kuwa ba abincin jariri ba ce ko kaɗan, komai tsinka ta da ruwa da aka yi.

Matan Fulani na Borgu da Donga suna da tasu hanyar, ta fi ta gwangwani daɗewa a yankin, ita ce wagashi. Ana ɗora sabon nono a wuta kaɗan-kaɗan, a daka ganye da karan tumfafiya, a tace ruwansu a ciki. Ƙaron tumfafiyar ne ke sa nonon ya kama, ya rabu biyu: farin guda ya taso sama, tsinkakken ruwa ya koma ƙasa. Sai a kwashe gudan a zuba a ɗan kwando ya tsane, shi ya sa ake ganin zanen saƙar kwandon a jikinsa. Kimanin lita 5 ta nono ke ba da kilo ɗaya. Jan launin da aka san shi da shi daga karan dafi yake, wanda dukawa ke rina fata da shi, ana tsoma wagashin a ruwansa mai zafi.

Bambancin shi ne, a gwangwani ruwa kaɗai ya tafi da tururi, komai na madarar yana nan in ba a cire man ba. A wagashi ruwan da ya tsiyaye ya tafi da mafi yawan zaƙin nonon, abin da ya saura furotin ne da maiƙo, shi ya sa yake soyuwa ya shiga miya a madadin nama. Sai dai har yanzu da sauran danshi a jikinsa, babu sukari ko rufaffen ƙarfe da zai tsare shi. Masu sayarwa kan sake tafasa shi a ruwan gishiri, in ba haka ba kwana kaɗan zai yi ya yi tsami. A Nijar makiyaya sun ƙara gaba da cuku: a baje shi falle-falle a kan tabarma, rana ta busar da shi ƙarau, ya yi watanni a ajiye.