Wane Keke Ne Ya Dace da Hanyoyin Baturiya?

Kafin ka ba da kuɗin keke, ka tuna hanyar da za ka riƙa bi da kayan da za ka ɗora masa. A Baturiya, cikin ƙaramar hukumar Kirikasamma, ƙasa iri biyu ce: rairayin tudu, da laka ta fadama wadda ke danƙo idan Kogin Haɗeja ya cika da damina.

Wanne ne na ɗaukar kaya?

Shi ne baƙin keken nan mai sanda, irin Raleigh na Ingila da iyayenmu suka hau, kafin Phoenix na ƙasar Sin da Hero na Indiya su cika kasuwa. Ƙarfensa mai kauri ne, kuma kariyarsa, wato maɗorin kaya na baya, tana ɗaukar buhun shinkafa ko kwandon kifi ko jarkokin ruwa. Ba shi da giya, don haka abin lalacewa kaɗan ne, kuma kowane mai faci ya san kansa. Aibinsa nauyi. A rairayi mai zurfi sai ka sauka ka tura.

Mai giya fa?

Giya wasu faya-fayan ƙarfe ne masu haƙora, manya da ƙanana, a tayar baya. Idan ka mayar da kaca kan babba, feda za ta yi laushi, ka hau tudu ba tare da gwiwa ta ƙage ba. Irin da aka ƙera don hanyar daji yana da taya mai faɗi mai gurza-gurza, shi ya sa ba ya saurin nutsewa a rairayi, musamman in ka rage masa iska kaɗan. Ɗalibi ko malamin makaranta da ke zirga-zirga tsakanin ƙauyuka zai ji daɗinsa ƙwarai.

Sai dai laka abokiyar gabarsa ce. Tana cushewa a giya da birki, in ta bushe kaca ta riƙa tsalle. Wanke shi ranar da ka shiga fadama, sannan ka ɗiga mai kaɗan a kaca. Mai da yawa yashi yake kamawa, ya cinye haƙoran.

Na tsere, mai siririyar taya?

Na kwalta ne. Ƙayar bagaruwa ɗaya ta ishe shi, kuma ba shi da wurin ɗora kaya.

Nawa zai ci maka?

Kuɗin saye ba shi ne duka ba. Akwai taya da tif da kaca da faci, kuma na gwanjo mai giya yakan zo da arha amma kayan gyaransa su yi wuyar samu. A ganina, manomi ko masunci ya tsaya kan mai sanda. Duk wanda ka zaɓa, ka fara tambayar mai gyara ko ana samun kayansa a kasuwar Haɗeja, ka duba ko an yi wa ƙarfensa walda, sannan ka hau shi ka gwada birki kafin ka biya.