Abin da ke sa amfilifayar masallaci gurnani kafin ta mutu

A garuruwan ƙaramar hukumar Bagudo irin su Kaoje da Illo da Tsamiya, amfilifaya ce ke kai muryar ladan ƙarshen gari, ita ce kuma ke ɗauke da wa'azi da tafsirin azumi. Ranar da ta yi shiru, mutane kan ɗora laifin a kan lasifika ko makirfo, amma sau da yawa cutar tana sashen da ke karɓar wuta.

Yankin na ƙarƙashin kamfanin rarraba lantarki na Kaduna, kuma inda wutar ba ta tsayawa sai a koma ga ƙaramin janareta ko batirin sola. An ƙera na'urar ne don wuta mai bolt 230, janareta kuwa yakan yi sama ya yi ƙasa, musamman lokacin da aka tayar da shi. Shi ya sa ake so a bari ya daidaita kafin a kunna amfilifaya.

Galibin waɗanda ake amfani da su yanzu masu taransista ne, kamar Ahuja ta Indiya. Sai dai jefi-jefi akan ci karo da tsohuwar ƙira mai ƙwan gilashi da ke yin ja idan ya ɗau zafi, irin wadda ta yi tashe kafin taransista, da aka ƙirƙiro a Amurka a 1947, ta kore ta daga kasuwa.

Wannan tsohuwar ita ce mai haɗari. Taransifomarta na ba ƙwayayen bolt 6.3 don su yi ɗumi, sannan tana ɗaga wata wutar zuwa bolt 300 ko 500. Manyan kwandansa na iya riƙe wannan wuta bayan an zare filogi, kuma tana iya kisa. Mai gyara kan sauke ta tukuna, ya auna da mita, kafin ya sa hannu. Wanda bai koyi aikin ba kada ya buɗe murfin.

Alamomin kan nuna inda matsalar take. Idan ana jin gurnani mai kauri ko da an rage murya gaba ɗaya, yawanci kwandansan da ke tace wuta ne suka bushe, kuma zafin bazara na gaggauta bushewar. Idan ƙwayayen sun yi ja amma babu sauti, a duba babbar wutar. Idan fiyus na ƙonewa da zarar an kunna, wani abu ya haɗe a ciki: dayod, ko kwandansa, ko taransifomar kanta.

A nan ne ake tafka ɓarna. Sai ka ga an naɗa waya ko takardar sigari mai ƙyalli a gurbin fiyus don a samu a kira sallar asuba. Fiyus ɗin ya ƙone ne don ya ceci taransifoma, wadda ta fi komai tsada a na'urar, ga shi samun irin ta tsohuwar ƙira sai an sha yawo.

Ƙwararru kan jona ƙwan lantarki mai zare, na wat 60 ko 100, a kan layin wutar kafin gwaji. In ya haska ya dushe, lafiya lau. In ya ci gaba da haske sosai, akwai haɗewa. Mai ƙwan gilashi kuma ba a kunna ta sai an jona mata lasifika, domin rashin hakan na iya ƙona taransifomar da ke fitar da sauti.