Injin CNC: Abin Da Mai Koyo Zai Kiyaye Kafin Ya Danna Maɓalli

Duk wanda ya lura da ƙofofin katako masu zane da ƙyamaren ƙarfe masu ado da ake kafawa a sababbin gidaje, zai ga cewa da yawansu ba hannun masassaƙi ko maƙeri ne ya fitar da zanen ba. Aikin wani inji ne da ake kira CNC, watau injin da kwamfuta take yi wa jagora wajen yanka da huda da sassaƙa. Tun da yake matasanmu sun fara shiga wannan sana'a, iyaye kuma suna kashe kuɗi wajen koya masu, mun ga ya dace mu tattauna a kanta a wannan fili.

Asalin abin daga Amurka ne. A ƙarshen shekarun 1940 wani mai masana'anta a jihar Mishigan, John Parsons, ya yi amfani da lissafi wajen fitar da siffar fukafukin jirgi mai saukar ungulu. A shekarar 1952 kuwa jami'ar MIT ta nuna injin da yake karɓar umurni daga takarda mai huji-huji. Yau kwamfuta ta gaji takardar, amma halin injin bai sake ba: abin da aka rubuta masa shi yake yi, ko daidai ne ko kuskure. Ba ya gani, ba ya tambaya. Saboda haka yawancin haɗarin da ake ɗora wa inji, daga wurin mai shirya shi yake fitowa.

Mu fara da rubutun umurni. G00 yana nufin gudu da sauri ba tare da yanka ba, G01 kuwa tafiyar yanka a miƙe. M03 yana sa wuƙa ta juya, M05 ya tsayar da ita. Waɗannan a mako guda yaro zai haddace su. Inda ake tuntuɓe shi ne G20 da G21, gama na farkon awon inci ne, na biyun milimita. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, wanda ya rubuta tafiyar 10 yana nufin milimita alhali injin yana kan inci, wuƙarsa za ta yi tafiyar milimita 254. Haka nan G90 yana auna kowace tafiya daga sifiri, G91 kuwa daga inda wuƙar take tsaye. Shawararmu ita ce a rubuta waɗannan a layin farko na kowane aiki, kada a dogara ga abin da ma'aikacin jiya ya bari.

Akwai kuma maganar ɗigo. A injuna da yawa masu kwamfutar Fanuc, idan aka rubuta Z50 ba ɗigo a bayansa, injin yakan karanta shi milimita 0.05. Mutum yana tsammani ya ɗaga wuƙa sama sosai, ashe tana nan dab da ƙarfen, layi na gaba kuwa gudu ne zuwa gefe. Ɗigo ɗaya ke nan ya jawo asarar wuƙa da kayan mai kaya, wani lokaci har da sandar da take juya wuƙar, wadda gyaranta ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Bayan rubutu sai shiri. Dole a nuna wa injin inda sifirin aikin yake, a ajiye shi a G54, a kuma auna tsawon kowace wuƙa dabam, domin G43 da wannan awon yake aiki. In an sake wuƙa, sai a sake awo. Sa'an nan sabon aiki ba a fara shi a kan ƙarfe. A ɗaga sifirin sama da kamar milimita 50, injin ya yi yankansa a iska, a rage gudu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, a sa shi ya riƙa tafiya layi-layi, yatsa yana kan maɓallin tsayarwa. A allo akwai wurin da yake nuna sauran tafiyar da ta rage. Idan ya ce saura milimita 40 amma ido ya ga tazarar ba ta kai 10 ba, a tsaya nan take. Masu gaggawa suna ganin wannan ɓata lokaci ne. Mu dai ba mu yarda da su ba.

Saurin juyawa ma lissafi ne. Wuƙar HSS a kan ƙarfe mai taushi tana son kimanin mita 30 a minti. A ninka wannan sau 1000, a raba da faɗin wuƙar sau 3.14. Wuƙa mai faɗin milimita 10 za ta ba da juyi kusan 950 a minti. Idan haƙoranta 4 ne, kowane yana cin milimita 0.05, tafiyar yanka ta zama milimita 190 a minti. Wuƙar kabaid tana ɗaukar ninkin wannan sauri uku ko fiye. Kada kuma tsoro ya sa a rage tafiyar ƙwarai, gama wuƙar da ba ta ci sai ta goga, ta yi zafi, ta dakushe.

Idan inji ya fara kuka yana barin zane kamar tsagen fuska a jikin aikin, abin dubawa na farko shi ne tsawon wuƙar da ya fito waje. In aka ninka tsawon sau biyu, lanƙwasarta takan ƙaru sau takwas. A mai da ita ciki gwargwadon iko, a duba ko an matse ƙarfen sosai, kafin a taɓa sauri. Ɓarɓashin ƙarfe ma yana ba da labari: in ya fito shuɗi daga wuƙar HSS, zafi ya yi yawa. Ba a kwashe shi da hannu, ba a kuma kusantar abin da yake juyawa da safar hannu ko riga mai faɗin hannu.

Sauran matsalolin na wurinmu ne. Ƙurar hunturu tana toshe matatar akwatin lantarki, a riƙa share ta. Ƙarfe mai tsawon mita ɗaya yana ƙaruwa da kimanin milimita 0.012 a kowane digiri na zafi, don haka awon safe da na tsakar rana a watan Afrilu ba lalle su zo ɗaya ba. In an ɗauke wuta ana cikin yanka, kada a ci gaba daga inda aka tsaya sai an janye wuƙar, an mai da injin mazauninsa na farko, an tabbatar da sifiri. A ƙarshe, a cikin akwatin akwai ƙananan batura da suke riƙe saitin injin. A yawancin injunan Fanuc ana sake su ne injin yana kunne, a kuma tabbata an kwafe saitin an ajiye a wani wuri dabam kafin a taɓa su.