Jitarka ta buɗe baki? Kafin ka zuba mata Super Glue, tsaya

Ka tara kuɗi wata da watanni, ka sayi jita ta hannu, ka fara ɗora ɗan bidiyo a TikTok. Sai hunturu ya shigo. Wata safiya ka ɗauko ta, ka ga katakon nan da tsirkiyoyi suke ɗaure a kansa, wanda masu goge ke kira jaki, ya ɗaga ta baya har takarda tana shiga ƙarƙashinsa. Ko kuma ka ga fuskar jitar ta rabu da gefenta.

Ba maita ba ce. Tsirkiyoyi shida na ƙarfe suna jan wannan ɗan katakon da nauyin da ya kai kilo 70, dare da rana, alhali kaurin fuskar jitar bai wuce milimita 3 ba. Masu ƙera jita suna son danshin iska ya tsaya wajen kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, mu kuwa iskar hunturunmu ta fi haka bushewa nesa ba kusa ba. Katako ya tsuke, gam ya saki.

Abin da yawancinmu ke yi shi ne a tsiyaya Super Glue a ramin, a danne da babban yatsa, a ce an gama. Don Allah kar ka yi. Zai riƙe kwana biyu ya sake ɓallewa, kuma wannan karon yana iya tafiya da ɓawon katakon. Gam na kafinta, farin nan, shi ne na wannan aiki, amma fa yana da sharaɗi: sai an matse katakon biyu sun haɗu ƙam har ya bushe. Abin matsewar shi ne rabin gyaran. Na masu sana'ar a Turai da Amurka akwai tsada, ga kuɗin kawowa, alhali mafi yawansu katako ne da noti.

Fara da mai sauƙin. Ka samo sandar mofa da ta karye, ka yanka ta gunduwa-gunduwa da zarto, kowace kamar santimita 3. Ka huda tsakiyar kowace. Ka je wajen masu sayar da kayan gini ka sayi dogon ƙarfe mai zare na milimita 6, a yanka maka shi santimita 20-20, da washa, da noti mai kunne wanda ake murzawa da yatsu. Ka zura gunduwa biyu a ƙarfe ɗaya, noti a ƙasa, mai kunnen a sama. A fuskar da za ta taɓa jitar ka liƙa guntun fata. Dukawa ko masu gyaran takalmi za su ba ka ragowa. Shi ke nan. Gunduwa ɗaya tana kama bakin jitar ta sama, ɗaya ta ƙasa. Mai haɗa sabuwar jita yana jera irin waɗannan fiye da ashirin su zagaye ta, amma kai da kake gyaran wuri ɗaya, biyar ko shida sun ishe ka. Ka naɗe tsakiyar ƙarfen da tef don kada ya karce fenti.

Jakin ne mai wuya, domin yana tsakiyar fuska, wancan matsin ba ya kaiwa can. Idan jitarka irin mai ƙusoshin roba shida ce da ke riƙe tsirkiya, ramukan nan su za su yi maka aiki. Ka sami katako mai tauri, tsawon jakin, ka huda shi daidai ramin farko da na ƙarshe. Ka zura siraran ƙarfe biyu masu zare, na milimita 4, su ratsa katakon da jakin da fuskar jitar. Ta bakin jitar za ka sa hannu ka ɗaura musu washa da noti daga ciki. Gefunan jakin sun fi tsakiyarsa sirantaka, don haka sai ka cusa ƴan guntayen katako masu tsini tsakaninsu da sandar, su ma su dannu. Ka goga wa ƙarfen kyandir tukuna, in ba haka ba gam zai riƙe shi, ka shiga sabuwar rigima. Jita mai tsirkiyar nailan ba ta da waɗannan ramuka. Ita sai matsi mai dogon hannu da ke shiga ta baki, kuma wannan gara ka zauna da kafinta ku yi shi tare.

Kafin gam ya taɓa komai, akwai aikin da ba ya kyau a bidiyo. Ka sassauta tsirkiyoyi duka ka cire. Ka ɗumama jakin a hankali, ka raba shi da fuskar da siririyar wuƙa mara kaifi. Ka kankare tsohon gam tas. A jitoci masu araha sau da yawa za ka tarar a kan fenti aka liƙa jakin tun daga kamfani, shi ya sa ya saki. Ka zana iyakarsa ka kankare fentin har katako ya fito. Sannan ka gwada ɗaura komai a bushe, ba gam. Nan ne za ka gane noti ɗaya ya ɓace.

Wajen murzawa, ba dambe ake ba. Da ka ga gam ya ɗan fito siriri ta ko'ina, ka tsaya, ka goge da tsumma mai danshi. Ƙarfi ya yi yawa, fuskar ta lotsa ko ta tsage. Ka bar shi ya kwana a matse, kada ka ɗaura tsirkiya sai bayan awa 24. Ke ma ƴar'uwa, babu abin da ke nan da ya fi ƙarfin hannunki.

In wani a komen ya ce kayan bola ne, ka tuna masa Mdou Moctar na Nijar, wanda yanzu yake zagaya duniya da kiɗa: jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke. Keken ma bai gama amfani ba. Tsohuwar robar cikin tayarsa, in ka yanka ta dogayen tsiri, tana naɗe tsagaggen wuyan jita ta matse shi ta kowane ɓangare, inda katako da noti ba sa iya kamawa. Ka dai shimfiɗa leda tsakanin robar da gam ɗin.